Yayana ya canza: fushi ba gaira ba dalili, yau fara'a gobe ɗaure fuska

Ƙanwar Wani:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina karanta abin da kuke tattaunawa ban taɓa cewa uffan ba, yau dai tura ta kai bango. Yayana ne, shekararsa 38, yana da mata da yara uku. Mutumin da a da ko yaro ba ya iya yi wa tsawa, yau wajen wata takwas ke nan mun rasa gane kansa. Ana zaune ana hira ana dariya, sai wani ya faɗi kalma ɗaya, ya miƙe ya hau faɗa kamar zai ari baki. Ranar Asabar matarsa ta tambaye shi ina ya ajiye makulli, ya ɗauki wayarsa ya maka ta da bango. Bayan awa ɗaya ya dawo ya zauna kamar ba shi ba. Wani lokacin ma yakan ba da haƙuri har da hawaye.

Ba fushin kaɗai ba. Wani makon za ka gan shi cike da zance, zai fara sana'a kaza, zai sayi kaza, ba ya barin kowa ya saka baki. Wani makon kuma ya kulle kansa a ɗaki, ko gaisuwa ba ya amsawa. Umma ta yi masa magana ya ce an raina shi. Ni kuma na ce Yaya mu je asibiti, ya ce ni ce mai buƙatar asibiti. Kowa a gidan kaffa-kaffa yake yi da shi, yaran da sun ji tsayuwar motarsa sai su shige ɗaki. Don Allah wanda ya taɓa ganin irin wannan ya ba ni shawara.

Gaskiya Ɗaci:
Wa alaikumus salam. Baiwar Allah, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Yanzu an wayi gari duk wanda ya yi rashin mutunci sai a ce ba shi da lafiya. Tambaya ɗaya zan yi miki: yana yi wa shugabansa a wurin aiki irin wannan faɗan? Idan a waje lafiya lau yake, sai ya shigo gida ya zama zaki, to wannan ya san inda yake sauke kayansa. Kaffa-kaffar da kuke yi ita ke ƙara masa ƙarfi.

Ƙanwar Wani:
Malam, tambayarka ta yi. An ba shi takardar gargaɗi a wurin aiki wata biyu da suka wuce, saboda ya yi cacar baki da wani babba a gaban mutane. Abokinsa na ƙuruciya ma sun yi wata guda ba sa magana. Ba gida kaɗai ba ne.

Gaskiya Ɗaci:
To in haka ne na ɗan ja da baya. Amma ban janye batun kaffa-kaffa ba.

Nas ta Dare:
Ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ba likita ba, kuma ko likita ba zai iya faɗin abin da ke damun mutum daga labari ba. Amma abin da ya tsaya mini a maganarki shi ne "a da ba haka yake ba". Mai zafin zuciya tun yana yaro daban, wanda ya kai shekara 37 da sanyin hali sannan ya juye daban. Na biyun nan, jiki ake fara dubawa kafin a ce komai.

Ki amsa mini waɗannan in kin sani. Awa nawa yake barci, musamman a makon da yake cike da zance? Ya rame ko ya yi ƙiba? Yana yawan zufa, bugun zuciya, rawar hannu? Yana da ciwon suga ko farfaɗiya? Akwai wani magani da ya fara sha a wajen lokacin da abin ya fara? Ya taɓa yin haɗari ya bugu a kai?

Ga dalilin tambayoyin. Akwai wani ƙullutu a gaban wuya, tayirod, wanda idan ya kumbura ake kira maƙoƙo. Idan ya yi aiki fiye da ƙima, mutum yakan rame alhali yana cin abinci sosai, ya kasa jure zafi, zuciyarsa ta yi ta bugawa, ya zama mai saurin hasala. Gwajin jini ɗaya ne ke nuna shi, kuma yana jin magani. Mai ciwon suga kuma idan sugansa ya faɗi ƙasa, sai ya rikice ya hau masifa yana zufa, da ya sha abu mai zaƙi ya dawo daidai. Magunguna ma suna yi: irin su firedinisolon da ake ba masu asma da ciwon gaɓoɓi suna iya juya halin mutum su hana shi barci, haka wani maganin farfaɗiya mai suna Keppra an san shi da sa fushi. Sai kuma abin da iyali ba sa son ji: giya, tiramol, kodin da makamantansu. Mai shansu yakan yi zafin rai har a lokacin da suka fara sakinsa, ba lokacin da ya sha kaɗai ba.

Ɗan Tsakiya:
Ni shawarata ku saya masa buhun naushi irin na 'yan dambe. In ransa ya ɓaci ya je ya jibge shi har ya gaji, fushin ya fita. Tara abu a ciki ne ke kawo wannan.

Malamin Aji:
Ɗan Tsakiya, wannan ita ce shawarar da kowa ke bayarwa, amma da aka gwada ta ba ta ci jarrabawa ba. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Brad Bushman, ya wallafa wani gwaji a 2002: aka fusata mutane, wasu aka sa su naushi buhu suna tuna wanda ya ɓata musu rai, wasu aka bar su zaune ba su yi komai ba. Masu naushin suka fito sun fi masu zaman fushi. A 2024 shi da wata abokiyar aikinsa suka tattara bincike 154, suka ga abin da ke sanyaya jiki shi ke rage fushi: numfashi a hankali, zama shiru, sassauta gaɓoɓi. Abin da ke ƙara ɗumama jiki ba ya taimakawa. Wuta dai ba a kashe ta da fifita. Ai ko a hadisi cewa aka yi wanda ya yi fushi yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kwanta.

Ɗan Tsakiya:
To ni dai yana mini aiki.

Malamin Aji:
Kai ai motsa jiki kake yi kullum, wannan abu ne mai kyau. Magana ake ta naushi a daidai lokacin da rai ke tafasa.

Ƙanwar Wani:
Anti Nas, na kira matarsa na tambaye ta. Ba shi da suga, ba shi da farfaɗiya, bai yi haɗari ba, ba ta ga wani magani ba. Ta ce ya ɗan rame. Amma batun barci ya ba ni tsoro. Ta ce a kwanakin da yake cike da zance, awa biyu ko uku yake yi, ya tashi tsakar dare yana rubuce-rubuce da kiran waya, kuma da safe ba alamar gajiya a tare da shi. Yakan yi kwana goma a haka. Ta ce a irin lokacin ne ya kwashe kuɗin ajiyarsu ya zuba a wani ciniki bai shawarci kowa ba. Ni sai yau na ji wannan.

Mai Jinyar Kansa:
Na karanta wannan amsar taki ta ƙarshe sai da na ajiye waya na ɗan zauna. Kamar labarina kike bayarwa.

Ni ina da ciwon da likitoci ke kira baifola, wato mutum ya yi ta lilo tsakanin tashin hankali mai kama da murna da kuma matsananciyar damuwa. Ban ce shi ne ke damun Yayanki ba, Allah ne ya sani, sai likita ya duba. Amma bari in gaya miki yadda abin yake daga ciki, domin ku da ke waje ba ku ganin wannan ɓangaren.

A makon da nake sama, ji nake ban taɓa samun lafiya irin ta lokacin ba. Tunani na zuwa mini da gudu, kowa sai in ga yana jan ƙafa, yana mini tarnaƙi. Wanda ya ce "dakata mana" sai in ji kamar ya tare mini hanya da gangan. Daga nan fushin ke fitowa. Mutane sun ɗauka mai wannan ciwo dariya yake ta yi, alhali da yawanmu hasala ce ta fi bayyana. Idan na faɗo ƙasa kuma, sai kunyar abin da na yi ta rufe ni, in kasa haɗa ido da kowa. Kulle ƙofar nan da kuke gani, rabinsa kunya ce.

Kuskuren da 'yan uwana suka yi shekaru shi ne suna zuwa mini da batun asibiti a daidai lokacin da nake faɗa. "Kai fa ba ka da lafiya." To ni me zan ji? An ce mini mahaukaci. Wanda ya ci nasara a kaina ƙanen mahaifina ne. Ya same ni ina cikin kwanakin sanyi, bai tara mini jama'a ba, bai ambaci fushi ba ko sau ɗaya. Cewa ya yi, "Ɗana, an ce ba ka barci. Ni ma na taɓa fama da shi. Tashi mu je a duba." Rashin barci ba abin kunya ba ne, kowa na iya zuwa asibiti a kansa. Ta wannan ƙofar aka shigar da ni.

Yanzu shekara shida ina shan wani magani mai suna litiyam, ana auna jinina lokaci-lokaci don a ga yawansa da lafiyar ƙoda da tayirod. Ina aikina, ina tare da iyalina. Sau ɗaya na daina sha don na ga na warke, na sha wuya.

Nas ta Dare:
Allah ya saka maka da alheri da ka faɗi wannan da bakinka. Ƙanwata, abin da matarsa ta faɗa, wato ƙarancin barci ba tare da gajiya ba, shi ne abu na farko da za ku gaya wa likita. Mai rashin barci na yau da kullum yana son barcin ya rasa, ya wuni a galabaice. Wanda ba ya ma jin buƙatarsa, wannan wata alama ce daban. Likitoci suna kallon tsawon lokaci: hawan da ya kai mako guda, faɗuwar da ta kai mako biyu. Wanda yake sauyawa sau uku a wuni ɗaya, galibi wani abu ne daban ke damunsa.

Kuma kada wani ya ba shi maganin damuwa ko na barci daga shagon magani. Idan baifola ce, maganin ciwon damuwa shi kaɗai yana iya tunzura mutum ya hau sama fiye da da. Ba baƙon ciwo ba ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 40 ke da shi a 2019. Litiyam ɗin da ɗan uwa ya ambata kuwa tun 1949 wani likita a Ostareliya, John Cade, ya nuna amfaninsa.

Abu ɗaya: yawanci yakan fara leƙowa tun mutum na saurayi ko farkon shekaru ashirin. Ki tambayi Umma ko ya taɓa yin wani abu makamancin haka a baya, ko akwai wani a dangi.

Uwar Biyu:
Kowa na maganar Yaya, ba wanda ya tambayi matar nan da yaran. Ƙanwar Wani, ki tambaye ta ke da ita kaɗai: ya taɓa kai mata hannu? Ya taɓa dukan yara? Kada ki tambaye ta a gaban Umma, ba za ta faɗa ba. Na zauna da mai irin wannan fushin shekara tara. Da bango ake farawa. Ban ce dole ya kai ga mutum ba, amma wanda ke jifa da kaya a ɗakin da yara suke, ai sa'a ce kawai ta hana.

Dattijo Mai Sanda:
'Yata, kada a zuga mata ta bar mijinta a lokacin da ya fi buƙatarta. Haƙuri maganin zaman duniya. In mutum ba shi da lafiya, jinyarsa ake yi, ba gudunsa ba.

Uwar Biyu:
Baba, da girmanka, ban ce ta bar shi ba. Mai jinyar masassara ma ba a ce ya kwanta ya kamu ba. Abin da nake cewa shi ne a san inda za ta kai yara idan dare ya yi abu ya ɓaci, a san wanda za ta kira ya zo cikin minti goma, takardu masu muhimmanci su kasance wuri ɗaya. Idan akwai makami ko tarin magunguna a gidan a kawar da su. Wannan ba ya hana haƙuri. Ni haƙurin da aka yi ta ba ni shi ya sa ɗana na fari har yau in aka ɗaga murya sai jikinsa ya hau rawa.

Dattijo Mai Sanda:
Allah ya ba yaron lafiya. Wannan da kika fayyace ban ƙi shi ba.

Gaskiya Ɗaci:
Ai abin da nake nufi da kaffa-kaffa ke nan. Ko ciwo ne, ba a bar mutum ya yi ta zagin uwarsa ana shiru ba.

Mai Jinyar Kansa:
A nan kam ina tare da kai, Malam. Amma akwai yadda ake yi. Matata ta same ni ranar da nake lafiya ta ce, "Daga yau in ka fara ɗaga murya zan ɗauki yara in fita daga ɗakin. Ba fushi na yi ba, in ka huce ina nan." Kuma ta yi hakan, kowane lokaci, ba fashi. Ba ta tsaya gardama, ba ta tare ƙofa, ba ta ce mini "kwantar da hankalinka", kalmar da ke ƙara mini wuta. In za ta yi magana gajeriya ce, murya ƙasa: "Na ji ranka ya ɓaci, za mu yi magana anjima." Mutum a wannan halin ba ya jin hujja, komai kyawunta. Abin da ya fi mini ciwo kuma shi ne gori bayan na huce, a tara ni ana lissafa mini abin da na yi. Gori bai taɓa sa na gyaru ba, ɓuya yake sa ni.

Malamin Aji:
Wannan ma an bincika shi. Tun shekarun 1960 George Brown da abokan aikinsa a Ingila suka lura cewa majinyatan da aka sallama suka koma gidan da ake yawan sukarsu, ko ake musu shisshigi fiye da ƙima, sun fi saurin komawa asibiti. Ba iyali ke jawo ciwon ba, amma yanayin gida na iya taimakon magani ko ya yi masa ƙafar ungulu.

Nas ta Dare:
Bari in ƙara abin da ba a jiran ranar ganin likita a kansa. Idan ya fara maganar mutuwa, ko "gara ba ni", ko rabar da kayansa, ku tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin, sau da yawa sauƙi take kawo masa. In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi sashen gaggawa. Haka in ya yi barazanar cutar da wani, ko ya fara jin muryoyi, ko ya rikice farat ɗaya bai san inda yake ba, ko ciwon kai mai tsanani da shanyewar ɓarin jiki. In ba waɗannan ba, babba ne, ba a ɗaure shi a kai shi. Lallashi ne da juriya.

Ku kuma samu littafi matarsa ta riƙa rubuta kwanan wata, awa nawa ya yi barci, yaya ya wuni, me ya faru kafin faɗa. Likita minti kaɗan yake ganin mutum, kuma mai irin wannan yakan shiga ofis ya zauna tsaf kamar ba abin da ke damunsa.

Ƙanwar Wani:
Na dawo bayan mako uku, ku gafarce ni. Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci.

Na tambayi matarsa ni da ita. Bai taɓa dukanta ba, amma sau ɗaya ya hankaɗe babban yaron ya faɗi. Mun shirya da ita, yayanta na kusa ya san halin da ake ciki. Umma kuma da na matsa mata, sai ta tuna lokacin yana jami'a ya taɓa dawowa gida ya yi wata uku a ɗaki ba ya magana, aka ce gajiyar karatu ce. Ta ce mahaifinta ma yakan yi "kwanakinsa". Ban taɓa jin wannan ba sai yanzu.

Littafin ya so ya jawo mana rigima. Ya gan shi a ƙarƙashin matashi, ya ce leƙen asirinsa ake yi, ya yayyaga shafi biyu. Matarsa ta fita da yara kamar yadda kuka ce, ba ta tanka ba. Washegari shi da kansa ya tambaye ta, wai da gaske kwana tara ya yi bai wuce awa uku ba?

Abokinsa da suka ɓata na je na roƙa, shi ya raka shi asibiti a kan batun barci. An yi gwajin jini, tayirod da suga lafiya lau. Likitan ya tura shi wajen likitan ƙwaƙwalwa, ranar Alhamis. Tun da ya ji sunan ya yi shiru, bai ce zai je ba, bai ce ba zai je ba. In ya ƙi fa?

Mai Jinyar Kansa:
Littafin nan da kun gaya masa tun farko, laifina ne da ban faɗa ba. Yanzu ku bar shi a fili, in ya yarda shi ma ya riƙa rubutawa. Ni sau biyu na fasa zuwa kafin na je. Kada ku yi ta tuna masa, mutum ɗaya ya isa, abokin nan. Ya zo da safe kawai ya ce "mu tafi", kamar an riga an gama magana.

Nas ta Dare:
In ya ƙi, ke da matarsa ku je da littafin. Likita ba zai faɗa muku sirrin majinyaci ba sai da izininsa, amma ba abin da ya hana shi sauraronku, kuma zai gaya muku abin da za ku sa wa ido. Ku roƙi a sake ba shi wata rana. Ki faɗa wa likitan batun jami'a da na kakanku, ko da Umma ba ta so a ambata.

Uwar Biyu:
Yaron da aka hankaɗe fa? Wani ya zauna da shi ya gaya masa ba laifinsa ba ne?

Ƙanwar Wani:
Wallahi Anti ban yi tunanin wannan ba. Gobe in ya taso daga makaranta ni zan je in ɗauko shi.